Fantiyon na birnin Rum: ta gaba za a fara ko ta baya?

Hajiya Bilkisu
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga tambaya ga masu sanin birnin Rum. Mutum ne yake da yini ɗaya rak a garin, kuma burinsa ya ga haikalin Rumawan da, wanda har yau yake tsaye da rufinsa, ba kango da guntayen ginshiƙai ba. Wanne zai nufa, ta wace hanya, da ƙarfe nawa, kuma me zai duba in ya isa? A taimaka da bayani dalla-dalla, don akwai masu shirin tafiya a zauren nan.

Malam Nasiru
Wa'alaikumus salam Hajiya. Wannan tambayar ba ta da amsa biyu, Fantiyon ne. A allon hanya da taswirar waya za a ga an rubuta Pantheon, dandalin da ke gabansa kuma Piazza della Rotonda.

Daga Termini, babbar tashar jirgin ƙasa ta Rum, a hau bas mai lamba 40 ko 64, a sauka a Largo di Torre Argentina. Sauran tafiyar a ƙafa ce, minti biyar zuwa bakwai ta Via dei Cestari, layin da ake sayar da rigunan limaman coci. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ba ya kaiwa bakin wurin. Wanda ya sauka a tasharsa ta Barberini sai ya taka kamar minti goma sha biyar.

A kula da abu biyu a bas ɗin. Sayen tikiti kaɗai bai wadatar ba, sai an zura shi a na'urar da ke cikin motar ta buga masa lokaci. In masu bincike suka hau suka tarar ba a buga ba, tara ce, kamar ba a saya ba. Sannan 64 ta yi ƙaurin suna da 'yan sane, saboda ita ce ke ɗibar baƙi zuwa Vatikan. Aljihun gefe na kaftani a buɗe yake, kada a sa fasfo ko waya a ciki.

Da can shiga kyauta ce. A 3 ga Yuli 2023 aka fara karɓar kuɗi, Yuro 5 a lokacin, yara 'yan ƙasa da shekara 18 ba sa biya. A duba farashin ranar a shafin Musei Italiani na gwamnatin Italiya, can ne ake sayen tikiti na asali. Shafukan 'yan kamasho su ne ke fara fitowa in an bincika a intanet. Suna ninka kuɗin, su haɗa da na'urar sauraren bayani, sau da yawa kuma sai an je wani shago dabam an karɓo takardar kafin a dawo a bi layi. Ana buɗewa tara na safe, a rufe bakwai na yamma, amma ana daina shigar da mutane kafin bakwai ɗin.

Rahila
Malam Nasiru ka bar babban abu guda. Wurin nan coci ne mai aiki, sunansa Santa Maria ad Martyres. Ana sujada ranar Asabar da biyar na yamma, da Lahadi goma da rabi na safe, kuma a lokacin ba a barin masu yawon buɗe ido su zagaya. Wanda ya tsara zuwa Asabar da la'asar zai iya isa ya tarar an tsayar da shiga. Dole kafaɗa da gwiwa su kasance a rufe, wanda ga shigarmu ba matsala ba ce. Mayafi da ɗankwali ba wanda zai ce a cire. Maza ne abin ya shafa: al'adar cocin Italiya namiji yana shiga da kai a buɗe, to mai hula ya shirya za a iya ce masa ya cire ta ya riƙe a hannu. A kuma rage murya, ana ta sanar da haka ta lasifika da harsuna da yawa.

Injiniya Kabiru
Hanyar da Malam Nasiru ya bayar tana da wani alheri da bai faɗa ba: ta bayan ginin take fito da mutum. Shawarata kada a yi gaggawar zagawa gaba. A tsaya a Via della Palombella da Via della Minerva minti goma a kalli bangon.

Za a ga bulo ja a fili, babu marmara. A cikin bangon akwai bakuna na bulo da aka gina aka cike cikinsu, jere a kan jere. Mutane suna ɗauka tagogi ne da aka toshe. A'a, aikinsu su kwashe nauyin da ke sama su karkatar da shi zuwa manyan ƙafafu takwas da ke ɗauke da ginin. Kaurin bangon ya kai mita 6, amma ba a cike yake ba, akwai ɗakuna da kogunan da aka bari a cikinsa don a rage nauyi, kankaren kuma ya samu ya bushe. A leƙa ramin da ke gefen ginin, za a ga yadda ƙasar gari ta taso ta binne gindinsa. A zamanin Rumawa hawa matakala ake yi a shiga, yau kuwa dandalin gangarowa yake zuwa ƙofa.

Wanda ya ga wannan kafin ya shiga, in ya ɗaga kai a ciki ya san abin da ke riƙe da ƙubbar. Wanda bai gani ba, hoto kawai zai ɗauka ya fito.

Dakta Aminu
Injiniya, ban yarda da kai ba a nan. Waɗanda suka gina shi ba su so a ga bayan nan ba. A zamaninsu akwai doguwar farfajiya mai rumfunan ginshiƙai a gaba, wasu gine-gine kuma sun rufe gefe da baya. Mai zuwa ba abin da yake gani sai fuskar haikali irin wadda ya saba da ita: ginshiƙai da goshi mai kusurwa uku. Yana tsammanin ɗaki mai kusurwa huɗu mai duhu, sai ya ratsa ƙofar tagulla ya tsinci kansa a cikin da'ira, ga haske yana zubowa daga sama. Da gangan aka shirya wannan mamakin. In ka fara nuna wa mutum bayan, ka ba shi ƙarshen labari kafin farkonsa. A zo ta arewa, ta Via della Maddalena ko Via del Pantheon, a shiga, in an fito sai a zagaya baya.

Injiniya Kabiru
Dakta, wa ya rage a duniya da bai ga hoton ƙubbar a waya ba? Mamakin ya riga ya tafi. Kuma wanda ya fito daga ciki ya gaji, rana ta yi, yara na neman abinci, ba zai zagaya baya ba.

Dakta Aminu
Hoto ba ya ba da girman wuri. Faɗin cikin mita 43.3 ne, daga daɓe zuwa ƙofar sama, wato buɗaɗɗen ramin da ke tsakiyar ƙubba, ma mita 43.3. Wato da za a kawo ƙwallo mai wannan girman, zai zauna daidai a ciki, ƙasansa na taɓa daɓe, samansa na cika ƙubba. Wannan jiki ne ke jin sa, ba ido kaɗai ba.

Tunda mun zo gaba, ga abin da za a duba kafin a shiga. Rubutun goshin ginin yana cewa Markus Agiripa, ɗan Lusiyus, ne ya gina shi lokacin da ya riƙe muƙamin kansul, wato babban jami'in mulkin Rum, karo na uku. Wannan ya ruɗi mutane ƙarnoni da yawa. Na Agiripa, wanda aka yi wajen shekara ta 27 zuwa 25 kafin haihuwar Annabi Isa, gobara ta cinye shi a shekara ta 80 miladiyya. Aka sake ginawa, tsawa ta faɗa masa ya sake ƙonewa a 110. Wanda ke tsaye yau an gama shi a zamanin Sarki Hadiriyan, wajen 125 zuwa 128, sai ya bar sunan mai ginin farko. Tambarin da masu yin bulo suke bugawa a jikin bulonsu ne ya tona gaskiyar shekarun. Ƙasa da babban rubutun akwai wani ƙarami mai layi biyu da sai an ƙura ido, na gyaran da Saftimiyus Seberus da ɗansa Karakala suka yi a 202. Shi Seberus haifaffen Leptis Magna ne, a Libiya ta yau.

Ginshiƙan rumfar da ke gaban ginin 16 ne. Kowane gangar jikinsa dutse ɗaya ne ba haɗi, tsawon kusan mita 12, nauyin kusan tan 60. Daga Masar aka saro su: masu launin toka daga Mons Claudianus a hamadar gabas, masu ja-ja daga Aswan. Aka bi da su Kogin Nilu, aka haye teku, aka hauro Kogin Tiber. Uku na gefen gabas ba na asali ba ne, a ƙarni na 17 aka maye gurbinsu.

Malam Tanimu Magini
Ranku ya daɗe, ni tambayata ta aiki ce. Rufi mai faɗin mita 43, an ce babu rodi ko ɗaya. Mu a ginin ƙasa, in za a ɗaure babban soro, azara ake jerawa a yi baka, ita ke riƙe tulluwa, kamar yadda Babban Gwani ya yi a masallacin Juma'a na Zariya. Kankare kuwa kowa ya san in ba ƙarfe a cikinsa tsagewa yake. To me ya riƙe wannan shekara kusan 1,900?

Injiniya Kabiru
Baba Tanimu, tambayarka ita ce tambayar. Kuma gaskiyarka, ya tsage. A shekarun 1930, da aka yi gyara, an ga tsagu masu hawa daga gindin ƙubbar zuwa sama. Abin da ya sa bai faɗi ba shi ne, ko da ya tsage, kowane yanki ya zama kamar baka mai zaman kansa, duk suna jingine da juna a sama, bangon mai kauri kuma ya hana ƙafafunsu buɗewa. Kankare ba ya jure ja, amma yana jure danni sosai, su kuma sun tsara ginin yadda kusan ko'ina danni ne.

Ga dabarun. Kaurin ƙubbar a gindi ya haura mita 6, yana raguwa har ya koma mita 1.2 a bakin ƙofar sama. Tsakuwar da suka zuba ba iri ɗaya ba ce: a harsashi dutse mai nauyi, a tsakiya fasassun bulo da dutse mai sauƙi, a can sama kuma dutsen aman wuta mai ƙofofi kamar soso. Ba kwaɓa shi suke yi ya yi ruwa su zuba kamar yadda muke yi ba. Jera duwatsun ake yi da hannu, sahu-sahu, a bi da kwaɓin farar ƙasa da tokar aman wuta, a daddage. Wannan tokar ce sirrin ƙarfinsa.

Ramukan nan masu kusurwa huɗu da ke cikin ƙubbar, sahu 5 ne, kowane sahu 28, jimla 140. Ado ne, suna kuma rage nauyi. Daga waje, in aka ja baya, za a ga zobba kamar matakala a gindin ƙubbar, nauyi ne aka ɗora don ya danne inda take son buɗewa. Sai ƙofar saman, mai faɗin kusan mita 9. A daidai inda nauyi ya fi zama haɗari, sai suka bar wurin babu komai, suka ɗaure bakinsa da zoben bulo. Har yau babu ƙubbar kankare marar rodi da ta kai ta girma a duniya.

Malam Tanimu Magini
Madalla. Ashe dabarar rage kauri ana hawa ba tamu ce mu kaɗai ba. Katangar ƙasa ma gindinta ya fi kanta kauri.

Usman
Malamai, an ce wai ko ana ruwa ba ya shiga ta wannan ƙofar, iskar ciki ce ke mayar da shi. Gaskiya ne?

Malam Nasiru
Ba gaskiya ba ne Usman, yana shiga sosai. Daɓen yana da ɗan tudu a tsakiya, akwai kuma ƙananan ramuka 22 da ke shanye ruwan zuwa magudanar ƙarƙashi. Ranar ruwa ana kewaye tsakiyar da igiya. Jiƙaƙƙen marmara santsi gare shi, a riƙe hannun dattawa, takalmi mai sulɓin ƙasa kuma a bar shi a masauki. Amma kada ruwa ya hana kowa zuwa. Ganin ruwa yana saukowa a tsaye a tsakiyar ɗaki, gefe duk a bushe, yana cikin abin da ya fi kyau a wurin, layi kuma ya fi gajarta.

Hajiya Bilkisu
Na gode ƙwarai. Saura lokaci, ba wanda ya tsayar mana da magana ɗaya.

Malam Nasiru
Tara na safe, a tsakiyar mako. A isa tara saura kwata. Zuwa goma da rabi ayarin masu jagora sun cika dandalin. A guji Lahadin farko ta wata: shiga kyauta ce, amma layin ba ya biyan kuɗin tikitin da aka tsira da shi.

Dakta Aminu
Nan ma sai na saɓa, Malam. Da safe an samu sarari, amma an rasa haske. Ƙofar ginin arewa take kallo, rana kuwa a can ta kudu take bi, saboda haka hasken da ke shigowa ta sama yana zama faifai guda mai tafiya a jikin bango, ya iso saitin ƙofa da tsakar rana. Da hunturu rana tana ƙasa-ƙasa, faifan ba ya sauka daga cikin ƙubba. A watan Yuni yana sauka har daɓe. Ranar 21 ga Afrilu, wadda Rumawa suka ɗauka ranar kafa birninsu, yana cika bakin ƙofar shiga.

Ga inda mutane ke kuskure. Sun ji an ce tsakar rana, sai su zo sha biyu, su jira minti goma, su tafi. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Italiya tana tura agogonta gaba da awa ɗaya, to tsakar rana ta gaskiya tana kamawa wajen ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna a agogonsu. Wanda agogon hannunsa ke kan lokacin Najeriya ko Nijar, a nasa sha biyu da 'yan mintuna ne.

Rahila
Duk wanda tafiyarsa ta dace da Lahadin Fentikos, bikin Kirista da ke zuwa mako bakwai bayan Ista, bayan sujada 'yan kwana-kwana suna hawa saman ƙubbar su zubo jajayen furannin wardi ta ƙofar saman. Sai dai a ranar tun da sassafe ake kama layi, kuma ba kowa ke samun shiga ba.

Ina so kuma a gane dalilin da ya sa wannan ya tsira sauran suka zama kango. A 609 Sarki Fokas na Bizantiya ya ba Paparoma Bonifas na huɗu ginin, aka mai da shi coci. Ginin da ake amfani da shi ana toshe masa yoyo. Wanda aka watsar kuwa, maƙwabta ne ke kwashe duwatsunsa, a ƙona marmaransa a yi farar ƙasa.

Dakta Aminu
Haka ne Anti Rahila, amma bai tsira da komai nasa ba. A 663 Sarki Konstans na biyu ya kwashe fale-falen tagulla na rufin. A ƙarni na 17 Paparoma Urban na takwas ya cire tagullar da ke ƙarƙashin rufin rumfar, aka narka aka yi igwa don ganuwar Castel Sant'Angelo. Shi ya sa in aka ɗaga kai a rumfar katako ake gani. Abin yana da ciwo, don ta shekara 1,500 a wurin kafin a taɓa ta.

A ciki a duba ginshiƙai masu ruwan ɗorawa, marmaransu daga Shamtu ne a Tunisiya ta yau. Kabarin mai zane Rafayel, wanda ya rasu a 1520, yana hannun hagu in an shiga. Sarakunan Italiya biyu ma suna nan, Bitoriyo Emanuwele na biyu da Umberto na ɗaya. Sahun da ke tsakanin ginshiƙai da ƙubba an sake masa ado a ƙarni na 18, amma an mayar da wani ɗan yanki yadda yake a asali, a neme shi a kwatanta.

Usman
Dakta, to gumakan fa? Suna nan?

Dakta Aminu
Babu ko ɗaya. Gurabensu ne suka rage, yanzu siffofin waliyyan Kirista da zane-zane ne a ciki. Kai, masana ma ba su haɗu a kan cewa haikali ne irin sauran ba. Marubucin tarihi Kasiyus Diyo, wanda ya rayu bayan ginin da kusan shekara ɗari, ya kawo dalili biyu na sunan: ko saboda siffofin alloli da yawa da ke ciki, har da Mars da Binus, ko saboda rufin ya yi kama da sama, shi kuma ya fi karkata ga na biyun. Ya kuma ambaci cewa Hadiriyan yakan zauna shari'a a wurin. Wanda yake son ganin haikali na ainihin tsarin Rumawa, mai dakali da matakala a gaba, ya gangara bakin kogi ya ga na Portunus, ƙarami ne amma a tsaye yake, kusa da shi ga zagayayyen na Harkulis.

Malam Nasiru
In yini ɗaya ne, ga yadda zai ƙulle. Inda aka sauka daga bas, wato Largo di Torre Argentina, akwai gindin haikali huɗu a cikin rami, sun girmi Fantiyon da ƙarnoni. A gefensu ne zauren da aka kashe Yuliyus Kaisar a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa. Daga titi ana ganin komai kyauta. In an gama da Fantiyon a bi Via dei Pastini, minti huɗu, a fito Piazza di Pietra: ginshiƙai 11 na haikalin da aka gina wa Hadiriyan a 145, maƙale a jikin wani gini na baya. Daga nan a tsallaka Via del Corso sai maɓuɓɓugar Trevi.

Babu banɗaki a cikin Fantiyon, babu wurin ajiyar kaya, kada a zo da akwati. Hanyar banɗaki ita ce a shiga shagon kofi a saya a tsaye a kanta, don zama a tebur a dandalin kuɗinsa ninki ne. Ruwa kuma kada a saya: famfunan ƙarfe na bakin titi da ke zuba dare da rana, waɗanda suke kira nasoni, ruwan sha ne mai sanyi. A toshe bakin da yatsa, ruwan zai tsargo ta ƙaramin ramin da ke sama.

Hajiya Bilkisu
Salla da abinci fa, Malam?

Malam Nasiru
Babban masallacin Rum, wanda aka buɗe a 1995, yana arewacin gari, nesa da nan. Sai an je tashar Flaminio a hau ƙaramin jirgi zuwa tashar Campi Sportivi. In ba Juma'a ba ce, ƙananan masallatan unguwar Termini da Piazza Vittorio sun fi sauƙi, can ne kuma gidajen abincin halal suka fi yawa. A gidajen abincin kusa da Fantiyon a kiyayi taliyar carbonara da amatriciana da gricia, dukkansu da naman alade ake yi ko ba a gan shi a sunan ba. Cacio e pepe cuku ne da masoro kawai. A kayan fulawa a tambaya ko akwai strutto, kitsen alade ke nan.

Injiniya Kabiru
Dakta, mu raba gardamar. A sayi tikitin wajen sha biyu da rabi, a sauka daga bas sha ɗaya da rabi, awa ɗayan nan a ba Torre Argentina da bayan ginin.

Dakta Aminu
Lokacin na karɓa, in tsakanin Afrilu da Oktoba ne. Da hunturu a fara komai da wuri da awa ɗaya. Bayan ginin kuwa ina nan kan bakata, sai an fito.